Adawa da Gwajin Sinadaran Masana'antu a Jikin Dabbobi: Nazari a kan Dokar REACH ta Tarayyar Turai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hujjojin masu adawa da gwada sinadaran masana'antu a jikin dabbobi, ta hanyar bibiyar dokokin Tarayyar Turai da ƙa'idojin gwaji na ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD. An gano cewa adawar ta dogara ne da tausayi da kuma kimiyya, sannan babban abin da ke hana ruwa gudu a yau shi ne jinkirin hukumomi wajen karɓar sababbin hanyoyin gwaji.

Muhimman kalmomi: sinadarai, gwajin guba, haƙƙin dabbobi, REACH

1.0 Gabatarwa

Fenti da roba da rini da sabulun wanki duk suna ɗauke da sinadaran da wajibi ne a san illarsu kafin su shiga hannun ma'aikaci ko na mai saye. Tsawon ƙarni na 20, hanyar da aka fi dogaro da ita ita ce a ɗura wa ɓera sinadarin, ko a shafa wa zomo, a jira a ga abin da zai faru. A 1927 J. W. Trevan ya fito da ma'aunin LD50, wato adadin gubar da zai kashe rabin dabbobin da aka ba. A 1944 John Draize na hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya tsara gwajin ido: a ɗiga sinadari a ido ɗaya na zomo, a bar ɗayan don kwatance, a riƙa duba kumburi da ja da dushewar gani, wani lokaci har kwana 21.

Tambayar wannan nazari ita ce: me ya sa irin waɗannan gwaje-gwaje ba su ƙare ba, alhali dokar Tarayyar Turai ta ce kada a yi su sai in babu makawa?

2.0 Tushen Adawar

A 1959 William Russell da Rex Burch na Birtaniya suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da har gobe ake kafa hujja da su: maye gurbin dabba da wata hanya, rage yawan dabbobin, da sauƙaƙa musu azaba. Ƙa'idojin sun daɗe a kan takarda kafin matsin lambar jama'a ya ba su ƙarfi. A 1980 Henry Spira ya jagoranci gangami a kan kamfanin Revlon saboda gwajin Draize, kamfanin kuwa ya ba Jami'ar Rockefeller dala 750,000 don neman madadi.

Hujjar farko ta tausayi ce. Gwajin ciwon daji na shekara biyu yana cin ɓeraye aƙalla 400 a kan sinadari guda: rukuni huɗu, kowanne maza 50 mata 50, kuma duk wanda ya kai ƙarshe kashe shi ake yi a feɗe. Dabbar ba ta da wata riba a cikin wannan, kuma abin da ake gwadawa sau da yawa ba maganin ceton rai ba ne, sinadarin goge ƙarfe ne ko na ƙara wa roba laushi.

Hujja ta biyu ta kimiyya ce, ita ce kuma ta fi damun masu tsara doka. Jikin ɓera daban, na ɗan Adam daban. Sakarin, sinadarin ƙara zaƙi, ya jawo ciwon dajin mafitsara a ɓeraye, daga baya aka gano cewa hanyar da hakan ke faruwa ba ta shafi mutum ba, har Amurka ta cire shi daga jerin abubuwan da ake zargi da jawo ciwon daji a 2000. Gubar asenik kuma akasin haka ta nuna: an tabbatar tana jawo wa mutane ciwon daji tun da daɗewa, amma aka sha wuya kafin a ga hakan a jikin ɓera. Ma'aunin da ke kuskure ta fuska biyu bai cancanci a ɗauke shi tamkar yankan wuƙa ba.

3.0 Dokar REACH da Tufka da Warwara

Dokar REACH ta fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2007, a ƙarƙashin hukumar kula da sinadarai ta Turai, ECHA, da ke Helsinki. Ta wajabta yi wa duk sinadarin da kamfani ke sarrafawa ko shigowa da shi har tan ɗaya a shekara rajista, kuma bayanan da ake nema suna ƙaruwa a matakin tan 10, 100 da 1,000. Sashe na 25 ya ce gwaji a kan dabbobi masu ƙashin baya shi ne mataki na ƙarshe, an kuma tilasta wa kamfanoni raba sakamako a tsakaninsu don kada a maimaita. Duk da haka, jadawalin da ke maƙale da dokar ya ambaci gwaje-gwajen dabbobi da sunansu. Saboda haka kamfanin da ya kawo sakamakon ɓera ya sauke nauyi, wanda ya kawo wata hanya kuwa sai ya yi ta kare kansa. A 2009 Thomas Hartung da Costanza Rovida suka yi hasashe a mujallar Nature cewa dokar za ta iya cin dabbobi miliyan 54. ECHA ta ce adadin ya yi yawa ƙwarai, amma muhawarar ta fito da girman matsalar fili.

Shari'ar kamfanin Symrise na Jamus ta ƙara nuna saɓanin. Tun Maris 2013 Tarayyar Turai ta kammala haramta sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a jikin dabbobi. Amma ECHA ta nemi a yi irin wannan gwaji a kan homosalate, sinadarin man kare fata daga zafin rana, bisa hujjar kare ma'aikatan da ke taɓa shi a masana'anta. Kamfanin ya kai ƙara, kotun Tarayyar ta yi watsi da ita a Nuwamba 2023. Abin da wata doka ta hana, wata ta wajabta shi.

4.0 Hanyoyin Madadi da Iyakarsu

Madadi ya riga ya samu a fannoni da dama. Gwajin Ames yana amfani da ƙwayoyin bakteriya wajen gano sinadarin da ke lalata ƙwayoyin gado. OECD ta soke tsohon gwajin LD50 na baki a 2002, ta amince da amfani da tantanin idon shanu da aka samo daga mayanka a 2009, da fatar mutum da aka raina a ɗakin gwaji a 2010, sannan a 2021 ta amince da haɗa gwaje-gwajen ƙwayoyin halitta da lissafin kwamfuta don gano abin da ke tayar da borin fata.

Adalci ne a faɗi inda aka tsaya. Illar da ke taruwa a hanta ko ƙoda cikin watanni, da wadda ke shafar haihuwa da ɗan tayi, har yanzu ba su da cikakken madadin da hukumomi suka amince da shi, kuma nan ne aka fi asarar dabbobi. Sai dai wannan giɓi ba zai cike da kansa ba. Kamfani ba ya zuba kuɗi a hanyar da yake tsoron hukuma za ta ƙi.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kare lafiyar mutum da tausaya wa dabba ba kishiyoyi ba ne, domin gwajin da aka gina a kan ƙwayoyin jikin mutum ya fi kusa da wanda ake son karewa. Bayan koken 'yan ƙasa sama da miliyan 1.2, Hukumar Tarayyar Turai ta yi alkawari a Yuli 2023 za ta tsara taswirar daina gwajin dabbobi a tantance sinadarai. Wannan maƙala na ba da shawarar abu uku: a sake rubuta jadawalin REACH ya riƙa faɗin illar da ake son ganowa maimakon sunan gwaji, a ɗora nauyin kawo hujja a kan mai neman amfani da dabba, a kuma sa wa'adi da kuɗin bincike a fannin haihuwa da illar dogon lokaci. Ƙasashe masu shigo da sinadarai irin su Nijeriya da Nijar suna da ruwa da tsaki a nan, domin yawancin bayanan kariya da ke biyo gangunan sinadarai ta irin waɗannan gwaje-gwaje aka samar da su, kuma ingancinsu shi ne kariyar ma'aikacin da zai buɗe gangar.