Ƙwayoyin Sanda na Ido: Yadda Kake Gani a Duhu da Abin da Ke Kawo Dundumi

Idan ka fito daga rana tsaka ka shiga soron gidan ƙasa a cikin birnin Kano, ko ka kutsa rumfunan Kasuwar Kurmi, da farko duhu za ka gani dunɗum. Bayan ɗan lokaci sai ka fara rarrabe tabarma da bango da wanda ke zaune. Hasken soron bai ƙaru ba. Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin idonka suka karɓi aiki, waɗanda likitoci ke kira rod, wato sanda, saboda siffarsu doguwa ce siririya. A nan za mu kira su ƙwayoyin sanda.

Ina suke a cikin ido?

A can bayan ido, daga ciki, akwai wani tantani siriri da ake kira retina. Shi ke karɓar hasken da ya shigo, ya mayar da shi saƙo, jijiyar gani ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da ke wannan aikin kala biyu ne. Akwai masu siffar mazurari, kimanin miliyan 5 zuwa 6 a kowane ido, da su kake ganin launi da karatu da rana. Akwai kuma ƙwayoyin sanda, kimanin miliyan 90 zuwa 120 a kowane ido, da su kake gani idan haske ya yi ƙaranci.

A tsakiyar retina, daidai inda hoton abin da ka ƙura wa ido ke sauka, babu ƙwayar sanda ko ɗaya. Sun fi yawa a kewayen wurin, su bazu zuwa gefe. Shi ya sa idan ka ƙura wa ƙaramin tauraro ido sai ya ɓace maka, idan ka ɗan karkatar da dubanka gefe sai ya bayyana.

Yadda aka gina ƙwayar

Ƙwayar sanda ƙarama ce ƙwarai, sai an jera kimanin 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Tana da sassa huɗu:

1. Sashen waje. Shi ke kama haske. A cikinsa akwai faya-fayai kimanin 1,000 a jere, ɗaya kan ɗaya, kamar an tara kwabbai. Kowane faifai cike yake da wani sinadari mai suna rodofsin.
2. Sashen ciki. Nan ake samar da kuzari da kuma sabon rodofsin.
3. Cibiyar ƙwayar, inda bayanan gado suke.
4. Ƙarshen ƙwayar, inda take miƙa saƙo ga jijiyoyin da ke biye da ita.

Faya-fayan nan ba sa daɗewa. Kullum ana ƙera sababbi daga tushe, tsofaffin da ke ƙarshe su zube, wani tantani mai duhu da ke bayan retina ya cinye su. Cikin kimanin kwana 10 an sabunta sashen waje gaba ɗaya.

Yadda take kama haske

Rodofsin haɗin abu biyu ne: wani furotin mai suna ofsin, da wani ɗan sinadari mai suna retinal, wanda jiki ke samu daga bitamin A. A duhu retinal a lanƙwashe yake. Da zarar haske ya taɓa shi sai ya miƙe, miƙewar nan ta tayar da jerin sinadarai a cikin ƙwayar, kowanne yana tayar da wasu masu yawa, har ƙofofin da sodiyom ke shiga ta cikinsu su rufe.

A duhu ƙwayar tana sakin wani sinadarin saƙo mai suna gulutamet ba ƙaƙƙautawa. Idan ƙofofin suka rufe sai sakin ya ragu, kuma wannan raguwar ita ce ke sanar da jijiyoyi cewa haske ya zo. Saboda yadda saƙon ke ninkuwa, ƙwayar sanda na iya amsa ɗigon haske guda ɗaya tak, mafi ƙanƙantar abin da haske ke rabuwa zuwa gare shi.

Bajamushe Franz Boll ne ya lura a 1876 cewa launin retina yana koɗewa idan haske ya same ta. George Wald na Amurka ya tabbatar da rawar bitamin A a cikin wannan aiki, ya kuma samu kyautar Nobel a 1967.

Abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa

Ƙwayoyin sanda da yawa ne ke zuba saƙonsu cikin jijiya guda. Wannan ya sa suke jin haske kaɗan, amma hoton da suke bayarwa ba ya fita tar. Ba za ka iya zura zare a allura da hasken farin wata ba.

Ba sa rarrabe launi, domin sinadarinsu iri ɗaya ne. Sun fi jin haske mai tsakanin shuɗi da kore, ja kuwa da ƙyar suke jin sa. Da magariba ka dubi jan yadi kusa da mai launin shuɗi mai haske ko kore: jan ne zai riga ya koma baƙi.

Rana mai ƙarfi tana koɗar da rodofsin, sai an sake haɗa shi. Ƙwayoyin mazurari na gama sabawa da duhu cikin minti 5 zuwa 10, na sanda kuwa sai minti 20 zuwa 30. Saboda haka idan an ɗauke wuta, ko fitilar mota ta haske maka ido da dare, ka dakata kaɗan kafin ka bi lungu mai kwata ko ka tsallaka titi.

Dundumi

Idan ƙwayoyin sanda suka gaza, mutum na gani lafiya da rana, amma da almuru sai ya kama lalube. Wannan shi ne dundumi. Manyan dalilansa su ne:

Ƙarancin bitamin A. Ya fi kama ƙananan yara da masu juna biyu. Ƙyanda da gudawa mai daɗewa da tamowa suna ƙarar da ajiyar da ke cikin hanta. Dundumi ne alamar farko. Idan aka bar shi, farin ido zai bushe, wani abu kamar kumfa ya fito a kansa, daga nan gaban baƙin ido ya yi gyambo, yaro ya makance har abada. Amma idan aka tare shi a matakin dundumi, gani na dawowa cikin kwanaki kaɗan. Al'adar ba mai dundumi hanta tana da tushe, domin hanta ce rumbun bitamin A.

Ciwon gado mai suna retinaitis figmentosa. Yana samun kimanin mutum 1 cikin 4,000 a duniya. Ƙwayoyin sanda ne ke mutuwa sannu a hankali. Yakan fara da dundumi tun ƙuruciya, sannan ganin gefe ya dinga tsukewa, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Wasu nau'o'insa sun fi fitowa inda auren zumunci ya yawaita. Cin hanta ba ya warkar da shi.

Wasu cututtukan ido. Yanar ido, hawan jinin ido da illar ciwon sukari duk suna rage gani da dare, kuma maganin kowanne daban ne.

Abin da za ka yi

Ka lura da yaron da ke daina wasa da zarar an yi magariba, yana raɓe a gefe, yana tuntuɓe, ko yana lalube kwanon tuwo. Yaro ba zai ce maka ba ya gani ba.

Ka tabbatar yara masu wata 6 zuwa 59 sun karɓi ɗigon bitamin A duk bayan wata shida, wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin sha-ka-tafi da lokacin makon lafiyar mata da yara. A yi musu rigakafin ƙyanda, kuma duk wanda ta kama a kai shi asibiti, domin bitamin A na cikin maganinta.

A sa zogale, alayyafo, karas, kabewa, manja, mangwaro, gwanda, ƙwai da hanta cikin abincin gida. A dafa ganye da ɗan mai, domin sai da maiƙo hanji ke tsotse bitamin A. Mai juna biyu kada ta sha ƙwayar bitamin A mai ƙarfi ko ta yawaita cin hanta ba da shawarar likita ba, domin yawansa na iya cutar da ɗan tayi.

Kada a ɗiga wa ido ruwan ganye, ruwan sukari ko wani haɗin gida. Ciwon yana can bayan ido inda ɗigon ba ya kaiwa, gaban idon kawai zai ƙona.

Duk dundumin da ya kama babba, ko ya ƙi tafiya bayan an ba da bitamin A, ko aka same shi a mutum fiye da ɗaya a gida, yana buƙatar likitan ido ya duba retina. A Kano ana yin wannan a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke kusa da Ƙofar Mata, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA, da asibitin ido na Makkah. Ka je da wani ɗan rakiya, domin maganin da ake ɗigawa don buɗe ido yana dusashe gani na wasu sa'o'i.