Cibiyar da Ke Raba Lokacin Hubble da Webb

Tun a 1946 masanin taurari Lyman Spitzer ya rubuta cewa na'urar hangen nesa da aka girke a sararin samaniya za ta ga abin da na ƙasa ba sa gani, domin iskar duniya tana jirkita hasken taurari. Sai a shekarun 1970 hukumar NASA ta ɗauki maganar da gaske, nan take kuma gardama ta taso: idan an harba na'urar, wa zai yanke abin da za ta kalla? NASA ta so riƙe ragamar, masanan jami'o'i kuwa suka kafe cewa ba za a bar wannan hukunci a hannun ma'aikatan gwamnati ba.

A 1976 wani kwamitin masana da Donald Hornig ya jagoranta ya ba da shawarar kafa cibiya mai cin gashin kanta. A 1981 NASA ta danƙa aikin ga AURA, wata gamayyar jami'o'i, aka kafa cibiyar STScI a harabar Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka. Shugabanta na farko shi ne Riccardo Giacconi, haifaffen Italiya, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002.

An raba aiki fili da fili. Cibiyar Goddard ta NASA ce ke kula da lafiyar Hubble, wato na'urar hangen nesan, da aika masa umarni. Ita STScI tana karɓar buƙatun masana, ta tara alƙalai su tace su, ta tsara jadawalin kallo, sannan ta gyara bayanan da suka sauko ta adana. Masanan Turai na da aƙalla kashi 15 cikin 100 na lokacin, saboda gudummawar hukumarsu ta ESA.

Hatsarin kumbon Challenger a 1986 ya jinkirta harbin, amma ma'aikatan STScI ba su naɗe hannu ba. Hubble ba ya iya tsayawa cik sai ya kafa ido a kan taurarin jagora, don haka suka haɗa kundi mai ɗauke da matsayin abubuwa kusan miliyan 19 a sararin sama.

Ranar 24 ga Afrilu, 1990 kumbon Discovery ya tashi da Hubble. Ba a yi wata uku ba murna ta koma ciki, hotuna na fitowa dishi-dishi. Madubinsa mai faɗin mita 2.4 an goge gefensa fiye da kima, da kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi. Masanan cibiyar suka riƙa tsabtace hotunan da kwamfuta, kuma kwamitin da ta kafa ne ya fito da dabarar ƙananan madubai masu gyara gani, waɗanda 'yan sama jannati suka saka a Disambar 1993.

Shugaba na biyu, Robert Williams, ya yi kasadar da ta sauya halin cibiyar. A Disambar 1995 ya ware kwana 10 daga lokacin da dokar cibiyar ta ba shugaba, ya sa aka juya Hubble kan wani ɗan wuri da ake ganin babu komai. Hoton ya fito da dandazon taurari (galaxy) guda kusan 3,000. Maimakon ya riƙe bayanan, sai ya sake su ga kowa a Janairun 1996.

A 2018 cibiyar ta fara ɓoye sunayen masu neman lokaci daga idon alƙalai, bayan nazari ya nuna buƙatun mata ba sa samun shiga kamar na maza. Da aka harba na'urar James Webb daga Kourou ranar 25 ga Disamba, 2021, aikin cibiyar ya ƙaru: daga ɗakin sarrafawa da ke Baltimore ake tuƙa Webb, mai madubin mita 6.5, a nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya.

Yawanci mai bincike na riƙe bayanansa na wani lokaci da bai wuce shekara guda ba, daga nan su shiga rumbun MAST na cibiyar. Ɗalibin kimiyya a Kano ko Damagaram, muddin yana da intanet, zai iya sauke su kyauta ya yi nasa binciken.