Waƙar Nan Take a Ƙasar Kabi

Waƙar baka a ƙasar Kabi tana da sashen da ake zuwa da shi daga gida, da sashen da sai a fili ake haihuwarsa. Abin da ake shiryawa shi ne gindin waƙa, wato amshin da ƙungiya ke komawa gare shi, da karin da makaɗa za su riƙe. Ɗiyan waƙa kuwa suna hannun jagora: ya ƙara, ya rage, ya sauya musu wuri, gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya faru a ranar. Shi ya sa waƙa ɗaya takan ƙare cikin minti biyar yau, gobe ta kai rabin sa'a.

A fada wannan fasaha ta yi ƙarfi. Sarautar Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 ta zauna Surame, sannan Birnin Kebbi, kuma bayan masu jihadi sun ci birnin a 1805 ta kafu a Argungu. Daga baya Birnin Kebbi ya zama mazaunin Sarkin Gwandu. Fada biyu a kwari ɗaya, da tsohuwar gaba a tsakaninsu, sun bai wa makaɗa abin zuga da habaici mai yawa. Makaɗin fada bai da ikon taɓa asalin ubangidansa, dole ya jero iyaye da kakanni daidai. Amma ranar hawan salla tsawon hanya ne ke yanke tsawon waƙa, kuma duk hakimin da ya kawo gaisuwa yana sa ran jin sunansa kafin ƙurar dokinsa ta kwanta. Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi kiɗa a fadar Argungu kafin ya koma Yawuri, da ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo, a wannan makaranta suka yi suna.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne, kuma a nan gwanintar take. Jagora yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari da nasu. Wannan ba ya yiwuwa sai ga mutanen da suka daɗe tare, har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Sanƙira na zagaya taro, ya dawo ya raɗa wa jagora sunan baƙon da ya iso da abin da ya bayar, kafin amshi ya zagayo sunan ya shiga waƙa. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaga murya ko ta sauke, sai ta faɗi taken mutum ba tare da an buɗe baki ba.

Ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934 ta buɗe wa wannan kiɗa fili mafi girma, domin daga ita ake ƙirga bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016. A Matan Fada, inda ake kamun kifin, makaɗa na cikin kwalekwale suna ratsa dubban masunta masu homa da gora. Ba wanda ya san hannun da babban kifi zai faɗa, don haka kiɗan yana bin abin da ruwa ya bayar. Haka filin kokawa da na dambe: kaye ɗaya na iya juya waƙa gaba ɗaya, yabo ya koma zambo. Gambu na Fagada, mai waƙar ɓarayi, ya nuna yadda za a saƙa dogon labari a kan kalangu ana tafe ana ƙara masa rassa.

Na'urar ɗaukar murya ta sauya lissafi. Tsohon faifai bai wuce kimanin minti 3 a gefe ɗaya ba, sai mawaƙi ya datse ɗiya. Rediyo kuma ya riƙa maimaita zama ɗaya har jama'a suka ɗauka ita ce waƙar, alhali ɗaya ce daga cikin fuskokinta. Kaset ya ɗan gyara wannan ɓarna a shekarun 1970 da 1980, da mutane suka fara ɗaukar wasa a gidan biki; masu tara Bakandamiyar Mamman Shata sun san kowane ɗauka da nasa ɗiyan. 

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, waƙar situdiyo mai fiyano ta yi ta mamaye bukukuwan Birnin Kebbi, kuma ita tsawonta a yanke yake tun kafin a fito gida. Kiɗan nan take ya fi saura a fada, da filayen dambe da kokawa na kaka, da bakin Matan Fada, inda bikin ya dawo a watan Maris na 2020 bayan hutun shekara goma.