Ramukan Harz da Girman Gangar Janwe

Mai shirin ƙera ƙaramin injin janwe yakan fara da tambayar ƙarfin injin da zai juya shi. Tarihin sana'ar ya nuna igiya da gangar da take naɗuwa a kai su ne abin fara dubawa, kuma mahaƙan ma'adinai a duwatsun Harz na Jamus ba su samu wannan sani da arha ba. A farkon ƙarni na 19 ramukan azurfa da darma na Clausthal sun yi zurfi ƙwarai. Igiyar zare tana ruɓewa saboda danshi, sarƙar ƙarfe kuwa sai ta tsinke farat ɗaya, alhali nauyin bai wuce wanda ta saba ɗauka ba. A 1829 Wilhelm Albert, jami'in da ke kula da ma'adinan, ya haɗa na'urar da ke ta wahalar da sarƙa sau dubbai, ya gano cewa maimaitawar ce ke gajiyar da ƙarfe, kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya. A 1834 ya murɗa igiyar waya mai tufka uku, kowace da waya huɗu, aka sa ta aiki a ramin Caroline. Amfaninta shi ne wayoyin suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ido yana gani kafin kaya ya faɗo.

Igiyar waya ba ta kawar da gajiyar ƙarfe ba. Duk zagayen da ta yi a jikin ganga lanƙwasa ne, kuma gwargwadon ƙanƙantar ganga, gwargwadon tsananinsa. Shi ya sa injiniyoyi suka zauna kan auna faɗin ganga da kaurin igiya, yawanci ninki 18 zuwa 20 ko fiye: igiya mai milimita 5 tana son ganga mai kusan santimita 10.

Wani zai ce wannan maganar manyan ramuka ce, ƙaramin janwe kuwa siririyar ganga ta fi masa, tunda da ita ƙaramin inji ke jan kaya mai nauyi. Lissafinsa daidai ne, amma bai ƙarasa shi ba. Siririyar ganga ba ta ɗaukar doguwar igiya sai ta hau kan kanta hawa-hawa, kuma kowane hawa yana nesanta igiya daga tsakiya. Idan tazarar ta tashi daga santimita 5 zuwa 7, ƙarfin ja ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, hawan sama kuma yana murƙushe na ƙasa. Ƙarfin da ake nema a wurin giya ake samunsa, a rage gudu a ƙara ja, a bar ganga da faɗinta, da tsawon da zai ɗauki igiyar a hawa ɗaya ko biyu, da ragowar zagaye uku da ba a warwarewa ko da ƙugiya ta kai ƙasa.