Daga Gadon Ƙasa Zuwa Gareji: Yadda Ɗumama Ɗaki Ya Sauya A Arewacin Zamfara

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, tarihi za mu ɗan leƙa, amma tarihin da ya shafi inda za ka kwana a daren nan.

Idan ka taɓa kwana a Sakajiki ko Zurmi ko Shinkafi a tsakiyar Disamba zuwa Janairu, ka san hunturu ba wasa ba ne. Da rana ga ƙura ga rana, amma kafin asuba ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15. Baturen Kanada zai yi dariya, amma shi gidansa don sanyi aka gina shi. Namu na yanzu kuwa, bulo ne da kwano.

Kakanninmu ba haka suka yi gini ba. Da tubali suke ɗora bango mai kauri, su rufe da azara da ƙasa, ko su ɗora jinkar ciyawa. Bangon ƙasa yana shan zafin rana tun safe, sai dare ya yi ya riƙa sakinsa a hankali cikin ɗaki. Kai da kake cajin fawa bank da rana ka yi amfani da shi da dare, ai ka gane dabarar. Tsofaffi kuma suna da gadon ƙasa, wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi. Da magariba a zuba garwashi a ramin, ƙasar ta ɗauki ɗumi, a shimfiɗa tabarma a kwanta. Mutanen Sin da na Koriya ma sun daɗe suna ɗumama gado da daɓen ɗaki da wuta ta ƙarƙashi, sai dai su suna yi wa hayaƙin hanya ya fita waje.

To a nan abin lura yake. Ɗakin da yana numfashi. Hayaƙi na ratsa jinka ya fice, ƙofar kuma tufaniya ce ko asabari, iska na shiga ta ko'ina. Ba wai babu matsala ba, akwai tari, akwai ciwon ido, gobara kuma kan cinye unguwa guda idan iskar hunturu ta ɗauki tartsatsi. Amma gubar garwashi ba ta cika samun wurin taruwa ba.

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya iso Kaura Namoda, nan ne ma ƙarshen layin. Jirgi na kwasar gyaɗa da auduga ya yi kudu, ya dawo da kayan kanti, har da kwano da siminti. Sannu a hankali rufin kwano ya zama alamar arziki. Daga baya motoci suka yawaita, mai hali ya fara gina wa motarsa ɗaki a bakin gida: bulo, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe, sau da yawa ko taga babu. Wannan shi ne gareji. Kwano ba ya riƙe ɗumi, da rana ta faɗi shi ma ya huce, daɓen siminti kuma ya riƙa zuƙe ɗumin jikin wanda ya kwanta a kai.

Da mota ce kawai ke kwana a ciki, da ba mu yi wannan rubutu ba. Amma kai ma ka sani, gareji ya zama ɗakin maigadi, ɗakin samarin gida, shagon cajin waya da yaron shago ke kwana ciki. A 'yan shekarun nan kuma, da rashin tsaro ya taso mutane daga ƙauyuka, iyalai da yawa a irin waɗannan wurare suka samu mafaka a cikin gari. Sanyi ya yi, sai a yi abin da aka gada: a shigo da kaskon gawayi, a ja ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma. Wutar ta kakanni ce, amma ɗakin ba nasu ba ne.

Gawayi idan yana ci a wurin da iska ta yi ƙaranci, yana fitar da iskar guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 ko sama da haka, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abin da take buƙata. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake cewa zazzaɓi ne a sha fanadol a koma a kwanta. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Janareta da injin mota ma ita suke fitarwa, kuma da yawa.

Kada ka ce rashin boko ne. A Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya katse wutar lantarki a jihar Texas ta Amurka, mutane suka riƙa tada mota a cikin gareji da shigo da gawayi ɗaki don su ji ɗumi. Ɗaruruwa aka kai asibiti, wasu suka rasu. Can baya kuma, masu haƙar kwal a Ingila da tsuntsun kanari suke shiga rami, shawarar wani masani John Scott Haldane. Idan tsuntsun ya faɗi, kowa ya gudu. Sai a 1986 aka sallami kanari, na'ura ta karɓi aikin.

Irin wannan na'urar yanzu ana yin ƙarama mai batir, a rataye a bango, ta yi ƙara idan gubar ta taru. Idan za ka saya ka duba da kyau, ta hayaƙin gobara daban, ta kabon monoksaid daban. Kuma don Allah, duk manhajar da ta ce wayarka kaɗai za ta gano wannan guba, ƙarya ce. Wayarka ba ta da hancin da zai shinshino ta. Hita mai lantarki kuma tana jan wat 1000 zuwa 2000, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, batirin sola ma kafin tsakar dare ya yi ƙasa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne dabarar gadon ƙasa ba tare da wuta a ɗaki ba. Ka gasa bulo ko dutse a waje, ka naɗe da tsumma mai kauri ka sa wajen ƙafa, ko ka zuba ruwan ɗumi a jarka ka rufe sosai. Ka raba jikinka da siminti, ko da kwali ne ko katako a ƙarƙashin katifa. Idan da hali a yi silin ƙarƙashin kwano. Kasko kuwa a ji ɗuminsa a tsakar gida, a bar shi can, ko da garwashin ya daina hayaƙi, domin har lokacin yana fitar da gubar. Janareta ya zauna a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga. Idan kuma mutum biyu ko uku suka tashi da ciwon kai lokaci guda a ɗaki ɗaya, a buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti, a gaya wa likita akwai gawayi ko janareta a wurin.

Idan har yanzu akwai gadon ƙasa a gidanku, ko a Sakajiki ko a wani ƙauye, ɗauko mana hotonsa, ka kuma tambayi tsohuwar gidan da wane itace suke yin garwashin.