Mahaƙan Fairuz na Hamadar Sina'i

Fairuz dutse ne mai launin sararin samaniya, wani lokaci ya karkata zuwa kore, kuma a busassun wurare aka fi samun sa. Tagullar da ke cikinsa ce take ba shi shuɗin, in ƙarfe ya shiga sai ya koma kore. Ba shi da taurin lu'ulu'u. Yana da ƙananan kafofi da ke shan mai da gumi, zafi kuma na kashe masa launi. Shi ya sa mutanen zamanin da suke cewa in zoben fairuz ya dushe, to mai shi ba lafiya.

Misirawan zamanin Fir'aunoni sun so dutsen nan ƙwarai. Launin murna ne a wajensu, da na rayuwa bayan mutuwa. An samu abin hannu mai fairuz a kabarin Sarki Jer a Abidos, na wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai shi kuma cikin adon fuskar zinariyar Tutankamun. Amma ni ba masu sa shi ne suka tsaya mini a rai ba, masu haƙo shi ne.

A kudancin Sina'i ake tono shi, a Wadi Magara da Sarabiɗ al-Khadim. Sarki ne ke tayar da ayari, a ƙetare teku ko a zagayo ta tudu, ɗaruruwan jakuna ɗauke da hatsi da ruwa. A kan tsaunin Sarabiɗ suka gina ɗakin bautar Hator, wadda suke ɗauka ita ce uwar ɗakin dutsen, kowane madugu kuma ya kafa allon dutse ya rubuta labarin zuwansa. Allon da ya fi taɓa ni na wani jami'i ne mai suna Horwere, a zamanin Amenemhat na Uku. Da bazara aka turo shi, lokacin da ba a saba zuwa ba. Ya ba da labarin duwatsu masu ƙona fata, da yadda masu sana'ar suka gaya masa launin dutsen ba ya kyau a irin wannan zafi. Ya daure, ya ƙarfafa wa mutanensa gwiwa, kuma a faɗarsa ya samu abin da ya zo nema. Duk wanda ya taɓa ganin mai haƙar rijiya ya fito daga rami a watan Afrilu zai gane abin da mutanen nan suka sha.

Ba Misirawa kaɗai ke aikin ba. Akwai Kan'aniyawa, har an zana ɗan'uwan wani sarkinsu a kan jaki. A shekarar 1905 Filindas Fetiri da matarsa Hilda suka ci karo da wasu zane-zane a bakin ramukan, ba irin rubutun Misirawa ba: kan bijimi, gida, ido, ruwa, alamomin ba su wuce talatin ba. A 1916 Alan Gadina ya warware kalma guda, Ba'alat, sunan da baƙin ma'aikatan suke kiran Hator da shi. Dabarar masu rubutun ita ce su ɗauki hoton abu, su riƙe sautin farko na sunansa a harshensu. Kan bijimi ya zama alif, gida ya zama ba.

Masana na jayayya kan ko mahaƙan ne da kansu suka ƙago wannan dabara, ko wasu masu ilimi ne daga cikin danginsu. Zuciyata ta fi kwanciya da mahaƙan. Rubutun a karkace yake, wani ya gangara, wani ya tafi a kwance, hannun wanda bai zauna gaban malami ba, kuma abin da ke ciki galibi suna ne da neman tsari. Mutumin da zai shiga rami bai san ko zai fito ba, dole ya so a san ya zo. Daga irin wannan rubutu ne rubutun Finisiyawa ya fito, daga shi kuma aka samu na Girkawa da Rumawa ta gefe guda, na Aramiyawa da Larabawa ta ɗaya gefen. Boko da ajamin da muke rubuta Hausa da su duka ta nan suka biyo.