Alamomin Zanen Jirgin Ruwa Sun Girmi Kwamfuta

Masassaƙin kwale-kwale a bakin Kogin Haɗeja, wajen Ringim ko Taura, ba ruwansa da takarda. Siffar jirgin tana cikin kansa, hannunsa kuma shi ne ma'auni. Maƙeran jiragen Turai ma haka suka daɗe suna yi. Zane ya zama dole ne sa'ad da mai tsara jirgi ya zama mutum daban da mai ƙera shi, har aka buƙaci alamomin da kowa zai karanta ya fahimci abu guda. Wannan buƙata ce ta haifi ƙa'idojin da ke cikin manhajojin tsara jirage a yau, kwamfuta gadonsu kawai ta ci.

A ƙarshen ƙarni na 16 Mathew Baker, mai ƙera wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya jirage a Ingila, ya bar zane-zanen da ke nuna lanƙwasar jikin jirgi. Anthony Deane ya rubuta hanyar zana ta a 1670, sannan a 1768 Fredrik af Chapman na Suwidin ya buga babban kundin zanen jirage. Tsarin da ya kafu shi ne a nuna jirgi ta fuska uku: ta gefe, ta sama, da kuma ta gaba, an yayyanka shi kamar burodi. A wannan na ukun hikimar take. Tun da ɓangarorin jirgi biyu iri ɗaya ne, sai a zana yankan gaba a dama, na baya a hagu, a takarda guda. Abin da ke ɓoye a bayan ƙarfe kuwa da layi mai tsinke-tsinke ake nuna shi. Hatta lissafin lanƙwasa da manhaja ke yi ya samo asali ne daga siririn katakon da masu zane ke tanƙwarawa su danne da dalma.

Wani zai ce yanzu da ake juya jirgi ta kowace fuska a allon kwamfuta, alamomin nan sun zama kayan tarihi. Ban yarda ba. Mai walda yana buƙatar sanin kaurin ƙarfe da irin haɗin da zai yi, mai duba inganci kuma yana buƙatar abin da zai sa wa hannu ya ɗauki alhakinsa. Hoto mai kyau ba ya ɗaure kowa. Shi ya sa hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta ware ƙa'ida ta musamman ga zanen jiragen ruwa.

Wani kuma zai tambayi abin da ya haɗa Jigawa da teku. Alama guda ta isa amsa: da'ira mai layi a tsakiya, wadda Samuel Plimsoll ya yi fafutuka har dokar Birtaniya ta 1876 ta tilasta zana ta a jikin jirgi, don a ga iyakar lodi da ido. Da damina kwale-kwale kan kife da mutane a mashigan Jigawa, kuma yawan lodi na cikin dalilan da ake yawan ambata. Layin fenti a jikin kwale-kwale zai bai wa mai fito hujjar cewa ya cika, fasinja kuma ya ga dalilin jiran sawu na gaba.